Abarbar da Ƙasim Bai Ci Ba

Gwamma ta fito da abarba daga tukunyar lantarki mai gashi da iska, sukarin ya narke ya yi ja kamar zuma. Ta ajiye wa manemin aurenta Ƙasim a zaure. Kafin ya baro Durun, innarsa ta gargaɗe shi kada ya ci komai a hannun bazawarar Gwarzo.

"Mene ne wannan baƙi-baƙin?" ya tambaya.

"Kirfa ce, Malam. Asiri kake zato?"

Ta ɗauki yanka guda ta ci, idonta cikin nasa.

Sai ya miƙa hannu zai ɗauka. Ta janye farantin.

"Bar shi. Ka gaya wa magabatanka kada su zo Juma'a."