Abu Huɗu, Babu Murya

Jama'a, kun kawar da kai ranar da aka tattara tsofaffin wayoyi aka narkar, aka ce duk abin da ke cikinsu yana nan a ajiye. To, ga abin da ajiyar ta zama.

Da hantsi Malam Tanimu ya isa ofishin tayar da wayoyi, riƙe da lambar marigayiya matarsa, Delu. Ba ta iya rubutu ba, duk saƙonta da baki take turawa.

"Baba, wayar kanta babu ita, kwaikwayonta injinmu zai yi," in ji ma'aikaciyar. "Abu huɗu doka ta yarje mana: ƙwaƙwalwa, ma'ajiya, agogo da allo. Su kaɗai sun isa ta tashi."

"Bakin fa, 'yata?"

"Lasifika ba ta cikin jerin. Waya tana tashi ko babu ita."

Allon ya kawo haske. Agogon yana nuna Talatar da aka kai Delu asibiti, shekara tara ke nan. Ga wani saƙo da ta yi masa wanda bai taɓa isowa ba, daƙiƙa arba'in da ɗaya. Ya danna. Wani ɗan layi ya fara tafiya shiru. Tsohon ya kara kunnensa a gilashin har layin ya ƙare.

"Sake sa mini," ya ce.

Ranar Laraba kwamitin da ya tsara dokar zai sake duba jerin nan. Ku tashi ku je, ku ce a ƙara abu na biyar.