Sallama a rumfar jiragen soja

Wata la'asar Baba ya kai ni tsohon filin jiragen soja, inda ya yi dako lokacin yaƙin Hitila. Tun daga Fagge muka tako. Ciyawa ta cinye wurin, saura rumfar kwano guda, na ƙagu in ga cikinta.

Baba ya riƙe hannuna. "Sallama tukuna. Sau uku ce, in ba a amsa ba mu koma gida."

Ya yi ta farko, shiru. Ta biyu, shiru. Na fara hawaye. A ta uku wani jaki ya ɓarke da kuka daga ciki.

Baba ya gyara hula. "An amsa. Cire takalminka."

Har yau ba na shiga ko'ina sai da sallama, kuma ba na raina jaki.