Ranar da Mama Ta Zubar da Burukutu

Tsamin burukutu ne na fi riƙewa daga wannan yammaci na Asabar a Anguwan Rukuba. Tun da ramin kuza ya rufta wa mahaifina, da dafa giya Mama take ciyar da mu. Washegari kuma za a yi mata baftisma.

Giya ta nuna, leburorin kuza sun fara shigowa, kowa da ƙwaryarsa. Mama ta fito daga ɗaki, ta dafa bakin babbar randa, ta tura. Giya ta malale tsakar gida har ta jiƙa mini ƙafafu.

Wani tsohon lebura ya yi tsalle, ya ce, "Haba, uwar gida! In ke kin tuba, ai mu ba mu tuba ba!"

Goggo, ƙanwar mahaifina, ba ta yi dariya ba. Ta ce, "Matar Yaya, Yesun naki ne zai tuƙa wa yaran nan tuwo?"

Mama ta goge hannu da zanenta, ta ce, "Shi ya ba ni hannuwan nan, kuma ba giya kaɗai suka iya ba."

Ta kama randa ta biyu, randar kuwa ta ƙi motsi. Sai na sa kafaɗata, muka tura tare, ta kife. Mama ta ɗaga murya da waƙar yabo har maƙwabta suka leƙo ta katanga.

Mun sha yunwa a daminar wannan shekarar, ba zan ɓoye ba. Amma na gama jami'a, na zauna da manya, ban ga wanda ya miƙe tsaye kamar yadda ta miƙe a cikin wannan taɓo ba.