Tokar Kawu

Ina 'yar shekara tara wani Buzu ya kawo wa Kawu akwatin jar fata a Samaru, aikin hannunsa. Har yau ina jin warin jimar. Kawu, malamin jami'a, ya yatsine fuska.

"Ya cika sabunta. Shafa masa toka, baƙina Turawa sun fi son tsohon abu."

Buzun ya ce, "Malam, bar shi ya tsufa da kansa."

Yana fita, Kawu ya tsuguna gaban murhu ya shafa tokar. Da la'asar na ji yana gaya wa Turawan wai masu wannan sana'a sun ƙare. Wai shi masani! Alhali Buzun, da ko ruwa bai ba shi ba, yana Sabon Gari yana jiran mota.