Mai Haƙar Rijiya da Ruwan Fure

Ka tambaye ni ko ruwan furen nan na kwalba yana magani. To, saurara.

An yi wani mai haƙar rijiya da ƙasa ta taɓa ruftawa da shi a zurfin gaba goma sha biyu. An zaro shi da rai, amma tun daga ranar, da ya leƙa rami sai tsoro ya hana shi sauka. Rani ya shigo, mutane na neman ruwa, shi kuwa yana zaune a gida, iyali sun zuba masa ido. Sai ya je wurin wata mata mai haɗa magani. Ta zauna ta ji labarinsa daga farko har ƙarshe. Ta tsinko furanni da sassafe, ta jiƙa a kwano, ta ajiye a rana, ta tace a 'yar kwalba, ta ce ya riƙa ɗiga huɗu a harshe kafin ya kama igiya. Ya ɗiga, ya kama igiya, ya sauka. Rijiya uku ya haƙa a ranin nan, kuma duk inda ya zauna sai ya yabi ruwan fure.

Abin da bai sani ba, tun a mako na biyu kwalbar ta kife a hannun matarsa tana shara. Tsoro ya kama ta, ta cika ta da ruwan randa, ta ja bakinta ta yi shiru. Ana nan sai jaririyar maƙwabcinsu ta kwanta da zazzaɓi mai zafi, har tana sanƙarewa. Mai haƙar rijiya ya ɗauko kwalba, ya ce ba sai an je asibiti ba, ga magani a hannu. Nan matarsa ta kasa daurewa. Ta ce, "Maigida, ka yafe mini. Wata uku ke nan ruwan randarmu kake ɗigawa." Ya dube ta, ya fita da sauri ya nemo motar da ta kai jaririyar asibiti. Aka yi mata allura, ta tashi. Washegari ya daɗe tsaye a bakin rami, ba kwalba. Sannan ya kama igiya, ya sauka.

Ka ga, natsuwar da ya samu gaskiya ce, sai dai ba daga fure ta fito ba, daga yardar da ya yi da maganin ta fito. Jaririya kuwa ba ta san yarda ba, da an bar ta da ɗigon nan da an yi jana'iza. Shi ya sa masu iya magana suka ce, sai an gwada akan san na ƙwarai.