Baƙon Eliyamma

Shinkafa ta nuna, kifi ya soyu, amma Eliyamma ba ta da baƙo. Ranar Yusufu Mai Tsarki ce, ranar ciyar da marasa matsuguni, kuma maƙwabtanta a garin Kottayam sun rigaye ta kwashe mabarata.

"Varkey, samo mini kowa ma," ta ce wa ƙanenta. "Alkawari na yi wa Ubangiji!"

Can sai ga shi da wani, lulluɓe da bargo. "A tasha yake kwana, Yaya."

Ta shimfiɗa ganyen ayaba a madadin faranti, ta zuba abinci, ta durƙusa. "Baba, sa mini albarka."

Baƙon ya yaye bargo. Mijinta ne Chacko, wanda ta kora shekaranjiya.

"Albarka tana nan, uwargida. Ƙaro kifi tukuna."