Tsarabar Gabashin Dutse

Tun da noma ya koma gidajen gilashi, inda shuka ba ta taɓa ƙasa, farin inabin Kano da na Agadas ɗanɗanonsu ɗaya. Shi ya sa da Gambo ya dawo daga ƙauyensu da gora biyu na ruwan inabi, yayarsa Tabawa ta taɓe baki.

"Yaya, ki dai kurɓa. Gona ɗaya ta rage a dutsenmu."

Ta kurɓi na farko, ta lumshe ido. "Na gabas ne! Ga tsamin nan na wurin tsakuwa." Ta kurɓi na biyu, ta kwashe da dariya. "Wannan zaƙin kuwa na bakin rafi ne, inda kake laɓewa ka guje wa noma."

"Ke kika nuna mini wurin!"

Jikarta Zulai, wadda har ta yi aure ba ta taɓa taka gona ba, ta ɗanɗana ta yamutsa fuska.

"Kaka, wani abu ya faɗa ciki."

"Garinku ne ya faɗa ciki, 'yar nan."

Zulai ta yi ta juya shi a baki. Can ta miƙa kofinta.

"A ƙara mini na gabas."